Yadda za ka bi diddigin p75, riseftan NGF, a cutar Alzheimer ba tare da takardun bincike sun juya maka kai ba

Wannan rubutun na yi shi ne musamman don ɗaliban da aka ɗora wa semina ko furojet a kan p75, 'yan anatomi da fiziyoloji da famakoloji da bayokemistiri, har da wanda kawai yake da dattijo a gida mai fama da gigin tsufa yana son ya san me masana ke tonowa. Shi p75 furotin ne da ke zaune a jikin fatar ƙwayar jijiya yana karɓar saƙon NGF, furotin ɗin da ke raya ta. Matsalar p75 ita ce ka buɗe takarda ta farko ta ce maka shi ne ke kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ka buɗe ta biyu ta ce a'a kare su ma yake yi, ta uku kuma ta ce an cire shi gaba ɗaya daga jikin ɓera sakamakon ya fito wani iri daban, kai kuma ga ranar tsayuwa gaban malamai tana matsowa. Toh duka ukun suna iya zama gaskiya fa. Abin da p75 zai yi ya danganta ne da me ya kama shi, wa ke tsaye kusa da shi a lokacin, sannan shi ɗin cikakke ne ko an riga an yanka shi. In ka iya yi wa kowace takarda waɗannan tambayoyin ka wuce rabin wahalar.

Mataki na farko: san su waye a cikin maganar

NGF furotin ne da ke raya wasu ƙwayoyin jijiya ya kuma sa su miƙa rassa. Rita Levi-Montalcini 'yar Italiya ce ta gano shi a farkon shekarun 1950 a Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, tana aiki da Viktor Hamburger a kan 'yan tsakin da ke cikin ƙwai, daga baya Stanley Cohen ya tace shi, shi da ita suka raba kyautar Nobel a 1986. Wani abin mamaki, Cohen ya zuba dafin maciji ne don ya narkar da wasu abubuwa a cikin samfurinsa sai ya tarar dafin kansa cike yake da NGF, daga nan suka bi sawu har zuwa wurin da ke samar da yawu a ƙasan haɓar ɓera namiji, wanda ya zama babbar hanyar samun NGF a lab shekara da shekaru.

NGF yana da 'yan uwa uku, BDNF da NT-3 da NT-4. Su kuma riseftocin, wato furotin ɗin da ke zaune a jikin fatar ƙwayar halitta yana karɓar saƙo, iri biyu ne. Akwai dangin Trk masu zaɓe, TrkA na NGF, TrkB na BDNF da NT-4, TrkC na NT-3. Sai p75 wanda ba ruwansa, duka huɗun yake kamawa. An fara gano ƙwayar gadon p75 a 1986, TrkA kuwa sai 1991 aka gane cewa riseftan NGF ne, shi ya sa tsofaffin takardu in sun ce "riseftan NGF" kawai ba tare da ƙarin bayani ba, yawanci p75 suke nufi. Ka riƙe wannan, don yana rikita mutane sosai.

TrkA yana da enzayim a cikinsa, da NGF ya kama shi sai ya kunna hanyoyin aika saƙo a cikin ƙwayar masu suna Akt da ERK, ƙwayar ta rayu ta yi ƙiba. Shi p75 ba shi da enzayim ko ɗaya, ɗan gidan riseftocin TNF ne, a wutsiyarsa ta ciki akwai wani yanki da aka sa wa suna yankin mutuwa, kuma sai ya jawo wasu furotin sun manne masa sannan yake iya aika saƙo.

Mataki na biyu: nemi takardun da duk sunayensa

Wannan gajere ne amma kar ka tsallake. A PubMed ko Google Scholar in ka rubuta p75 kaɗai za ka kwaso tarkace, don akwai wasu furotin ɗin da ake kira p75 da ba su da alaƙa da shi. Rubuta p75NTR OR NGFR OR CD271 OR TNFRSF16, sannan ka haɗa da sunan cutar. NGFR sunan ƙwayar gadon ne, tana kan kuromosom na 17 a ɗan Adam. In ka ga CD271 yawanci masu binciken ɓargo ko kansa ne, ka duba ka wuce.

Mataki na uku: ɗauki biro ka zana inda abin ke faruwa

Da gaske nake, ka zana. A babban mutum yawancin ƙwaƙwalwa ta rage yin p75 sosai bayan an gama girma, amma akwai wasu ƙwayoyi a gindin ƙwaƙwalwa ta gaba da suke riƙe da shi har tsufa, su ne masu samar da asetilkolin, sinadarin da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna saƙo da shi, suna zaune a gungun Meynert da septum da ɗan layin da ke tsakaninsu. Zana ɗigo a ƙasa, ka ja dogon layi daga ɗigon zuwa sama, zuwa hifokamfus, wato ɓangaren da ke taimakawa wajen tuna abu, da ɓawon ƙwaƙwalwa. Toh NGF ɗin a can sama ake yin shi, bakin jijiyar ya haɗiye shi tare da riseftansa, a sa shi cikin ɗan ƙunshi a dawo da shi baya tun daga can har jikin ƙwayar a ƙasa. In wannan jigilar ta tsaya, ƙwayar za ta fara ramewa ko da NGF ya cika maƙil a sama.

Me ya haɗa wannan da Alzheimer? A 1976 Davies da Maloney suka nuna enzayim ɗin da ke haɗa asetilkolin, wato ChAT, ya ragu ƙwarai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar, a 1982 Whitehouse da abokan aikinsa suka nuna ƙwayoyin gungun Meynert ɗin ne ke ɓacewa. Magungunan da likitoci ke rubutawa har yau, donepezil da rivastigmine da galantamine, a kan wannan ilimin aka gina su, suna hana asetilkolin ɗin da ya rage saurin lalacewa ne kawai, ba sa hana ƙwayar mutuwa. Kaga kenan ƙwayoyin da ke cikin na gaba-gaba wajen lalacewa su ne kuma suka fi kowa p75, dole mutane su zarge shi. Amma zargi daban, hujja daban.

Akwai kuma binciken ɗakin gwajin William Mobley na 2006 a kan ɓeran da ke kwaikwayon cutar Down, inda suka nuna yawan APP, furotin ɗin da ake yanko amiloyid mai taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer daga jikinsa, yana toshe waccan jigilar NGF ɗin zuwa baya. Sa wannan a zanenka, giciye a tsakiyar layin.

Mataki na huɗu: tambayi takardar, wane NGF kuma da wa p75 yake tare

Nan ne zuciyar maganar, ka zauna da kyau. Jiki ba ya yin NGF kai tsaye, yana fara yin wani dogo ne mai suna proNGF, nauyinsa wajen kilodalton 32, sai enzayim ya datse kan ya bar cikakken NGF mai wajen 13. Shekaru da yawa an ɗauka proNGF ba shi da wani aiki sai jiran a yanka shi. A 2001 abubuwa biyu suka fito, ɗakin gwajin Barbara Hempstead a New York ya nuna proNGF yana kama p75 da ƙarfi ya sa ƙwayar ta kashe kanta, Margaret Fahnestock a Kanada kuma ta nuna cewa a ƙwaƙwalwar mutum proNGF ɗin ne ma ya fi yawa, kuma yana ƙaruwa a Alzheimer. A 2004 Anders Nykjaer na Denmark ya kawo cikon, wato sortilin, wani furotin da ke riƙe kan proNGF yayin da p75 ke riƙe jikinsa, in su ukun suka haɗu sai enzayim ɗin JNK da kasfes masu isar da saƙon mutuwa su tashi, ƙwayar ta mutu.

Ni yadda nake kallon p75 shi ne dillali a kasuwa, ba shi da hajarsa, wanda ya riƙe hannunsa ranar shi yake wa ciniki. In TrkA na kusa kuma cikakken NGF ne ya zo, p75 taimaka masa yake, yana sa TrkA ya ƙara kama NGF da kyau. In sortilin ne da proNGF, mutuwa. In riseftan Nogo ne, wato mai karɓar saƙon hana jijiya tsiro, sai ya kunna furotin ɗin RhoA, bakin jijiyar ya tsuke ya daina tsiro. Har furotin ɗin NF-kB yana kunnawa a wasu ƙwayoyin, wanda shi kuma kariya ce.

Yanzu dawo kan Alzheimer. Elliott Mufson da Scott Counts a Chicago sun yi ta auna ƙwaƙwalwar dattawan da suka ba da izinin a bincika bayan rasuwarsu, abin da suka samu shi ne TrkA yana raguwa tun cutar tana farko-farko, p75 kuwa a ɓawon ƙwaƙwalwa yana nan kusan yadda yake, ga proNGF yana hawa. Lura da kyau, ba wai p75 ya yi yawa ba ne, abokin tafiyarsa na kirki ne ya ragu. Da yawan ɗalibai suna rubuta "p75 yana ƙaruwa a Alzheimer" a silayid ɗinsu, malami mai karatu zai kama ka a nan. Abin da ya fi daidai ka ce ma'aunin da ke tsakanin TrkA da p75 ne ya karkata. Shi kuma dalilin taruwar proNGF, Claudio Cuello na McGill a Montreal ya nuna enzayim ɗin plasmin da ke mayar da shi cikakken NGF yana yin rauni, enzayim ɗin MMP-9 da ke lalata cikakken kuma yana ƙaruwa, asara ta gaba da baya kenan.

Sannan ga amiloyid-beta, tun 1997 Mina Yaar ta ba da rahoton yana iya kama p75 kai tsaye, daga baya ɗakin gwajin Elizabeth Coulson a Ostireliya da na Frank Longo a Stanford suka nuna in babu p75 ɓarnar da amiloyid ke yi wa waɗannan ƙwayoyin tana raguwa.

Saboda haka duk takardar da ka ɗauka, je sashen hanyoyin aiki tukunna ka karanta sakamako. Wane NGF suka zuba, cikakke ne ko pro? In pro ne, irin wanda aka gyara ne don kar enzayim ya yanka shi? Don in ba haka ba cikin kwanon gwajin zai rikiɗe ya koma cikakke su kuma su yi ta murna wai proNGF yana raya ƙwaya. Wace ƙwaya suka yi amfani da ita? PC12 da kowa ke so, daga ƙarin jikin ɓera aka samo ta a 1976, tana da TrkA da p75 duka biyun, in ka zuba mata NGF cikin 'yan kwanaki za ka ga ƙwayoyin da suke dunƙule sun fito da siraran zare suna haɗuwa da juna, abin sha'awa a madubin gani, amma sakamakonta ba zai zama ɗaya da na ƙwayar da p75 kaɗai take da shi ba.

Mataki na biyar: wane ɓangaren p75 suka auna

p75 ba ya zama cikakke har abada. Enzayim ADAM17 yana sare ɓangaren waje ya sake shi ya bi ruwan jiki, shi ake rubutawa p75ECD. Guntun da ya rage a jikin fatar, gamma-secretase, wanda dai yake yanka APP ya fitar da amiloyid, shi ke sake yanka shi ya saki wutsiyar ciki. Kowane guntu da halinsa. Masu bincike a Chongqing ta Sin da Adelaide sun nuna a 2015 cewa ɓangaren wajen yana kama amiloyid ya rage masa guba a ɓera, ga amsar waccan takardar da ta ce p75 kariya ne. Guntun tsakiyar kuma in ya taru yana iya jawo mutuwa.

In ka zo kan hoton westan bulot ɗinsu, wato gwajin da ke jera furotin bisa nauyinsu, kar ka kalli baƙin layin kawai, kalli lambobin gefe. Cikakken p75 yana fitowa wajen kilodalton 75, sau da yawa da ɗan kauri saboda sukarin da ke manne da shi, guntun tsakiya wajen 24, wutsiyar ciki wajen 19 kuma ita da wuya a gan ta sai an zuba maganin da ke hana ƙwayar narkar da ita. Sai ka duba antibodin, wato abin da suka kamo p75 ɗin da shi don a gan shi, na waje ne ko na ciki. Antibodin da ke kama ɓangaren waje ba zai taɓa nuna maka guntayen ciki ba, in marubuta sun yi maganar wutsiyar ciki da irin wannan antibodin, ajiye takardar.

Mataki na shida: wane ɓera

Ɓeran farko da aka cire wa p75 an yi shi a 1992, an cire yankin ƙwayar gadon da ake kira ekzon na 3, na biyu a 2001 an cire ekzon na 4. Kowannensu an zo an gano yana barin wani ɗan guntun furotin ɗin a baya, kuma ƙidayar ƙwayoyin asetilkolin a cikinsu ta saɓa daga lab zuwa lab, wasu sun ga ƙari wasu sun ga ragi, har aka gane zuriyar ɓeran da aka yi aikin a kai ma tana canza sakamakon. Takardun baya-bayan nan da suka cire p75 daga ƙwayoyin asetilkolin kaɗai sun fi tsafta, fara da su. Kuma ka tuna ɓeran Alzheimer mutum ne ya dasa masa ƙwayar gadon cutar, yawancinsu irin ta gado wadda ba ita ce ta galibin marasa lafiya ba.

Mataki na bakwai: me aka gwada a jikin mutane

Wannan shi ne abin da malamai suka fi tambaya, shi ne kuma abin da mai jinya a gida yake son ji. NGF babban furotin ne, ba ya tsallaka shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, don haka duk wanda ya tallata maka kwalbar ƙwaya a intanet wai tana kai NGF ƙwaƙwalwa, riƙe kuɗinka. A Suwidin an taɓa zuba NGF kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwar marasa lafiya 3, rahoton ya fito a 1998, suka samu ciwon baya mai tsanani da rama, aka dakata. A San Diego Mark Tuszynski ya ɗebi ƙwayoyin fatar marasa lafiya 8 ya gyara su su riƙa yin NGF ya dasa a gindin ƙwaƙwalwa, ya wallafa a 2005. Bayansa aka gwada aika ƙwayar gadon NGF ta cikin bairos, mutum 49, sakamakon 2018 bai nuna amfani ba, da aka zo aka duba ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu bayan sun rasu sai aka ga maganin bai ma isa ga ƙwayoyin da aka nufa ba. Don haka a semina kar ka ce NGF ya gaza, ka ce isar da shi ne ya gaza a wannan gwajin.

Wanda ya shafi p75 kai tsaye shi ne LM11A-31, ƙaramin sinadari da Frank Longo da Stephen Massa suka ƙera, ana haɗiyarsa, yana shiga ƙwaƙwalwa, manufarsa ya kama p75 ya karkatar da shi daga saƙon mutuwa. An gwada shi a ƙasashen Turai 5, mutum 242 masu cutar a matakin farko zuwa tsakiya, sati 26, wasu miligiram 200 wasu 400 sau biyu a rana wasu kuma maganin wofi, aka wallafa a mujallar Nature Medicine a 2024. Karanta wannan da idon basira don kafafen labarai sun zuzuta shi. Babbar tambayar gwajin ita ce ko maganin yana da haɗari, kuma ya tsallake wannan, illolin da aka fi gani gudawa da ciwon kai da mura da hawan wasu fararen ƙwayoyin jini. An ga bambanci a hoton ƙwaƙwalwa da wasu alamomi a ruwan laka, irin su SNAP25 da neurogranin da YKL40. Amma a gwajin tunani da ƙwaƙwalwa babu bambancin da za a kafa hujja da shi. Wata shida kaɗan ne ga cuta mai tafiyar shekaru, gaskiya ne, sai dai hakan ba ya mayar da rashin sakamako ya zama sakamako. Maganin ba ya kasuwa, ba ya kemis.

In an faɗaɗa maka take zuwa wasu cututtukan, wanda ya fi daɗin bayani shi ne ALS, cutar da ke cinye ƙwayoyin da ke motsa tsoka. Waɗannan ƙwayoyin suna daina yin p75 bayan haihuwa, in sun ji rauni sai su dawo da shi, ɓangaren wajen ya zube ya fita ta fitsari. Mary-Louise Rogers da Stephanie Shepheard a Jami'ar Flinders ta Adelaide sun nuna a 2017 cewa p75ECD na fitsari yana hawa yadda cutar ke ci gaba. A nan alama ce ta bin diddigin cuta, ba a ce shi ne sanadi ba. A cutar Huntington kuma labarin TrkB ne ke sauka p75 na hawa a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai suna sitirayatum.

Mataki na takwas: in kai ma za ka taɓa ɓera

Mu a nan yawancin furojet ɗin mantuwa da sukofolamin ko aluminiyam kulorayid ake yi a ɓeran Wistar, a ba shi ruwan wani ganye a ga ko ya tuna hanya. Ba laifi, amma ka sani sukofolamin toshe riseftan asetilkolin yake na ɗan lokaci, ba kashe ƙwayar yake ba, don haka kar ka gina maganar p75 da mutuwar ƙwaya a kansa. Wanda aka ƙera don wannan aikin shi ne 192-IgG-saporin, antibodin p75 da aka ɗaura wa guba, ƙwayar da ke da p75 ta haɗiye shi ta mutu, sauran su tsira. Na babban ɓeran lab ne kaɗai, ƙaramin ɓera nasa daban ne, na mutum da biri kuma ME20.4 ake amfani da shi, duba takardar kamfani kafin ka tura kuɗi don dala ce.

In wutar lab ɗinku ba tsayayya ba ce, manta da westan bulot da ajiyar nama a firiza, bi hanyar fomalin da kakin farafin ka yi rini, ya fi jure yanayinmu. Kar ka bar naman ya daɗe a fomalin fiye da kima don yana rufe wurin da antibodi zai kama. Yanka ta septum, buɗe atlas ɗin ƙwaƙwalwar ɓera a gefenka, rina yanka ɗaya da p75 na kusa da shi da ChAT, ka bar ɗaya babu antibodin farko don ka san launin ƙarya in ka gan shi. Wanda zai ƙirga ƙwayoyin kar ya san wane rukuni yake ƙirgawa, ba abokinka silayid ɗin ya liƙa musu lambobi ya ɓoye takardar.

Sannan in ƙwayoyin da suka rinu sun ragu, kar ka yi saurin rubuta "sun mutu". Tun gwaje-gwajen shekarun 1980 na yanke hanyar da ta tashi daga septum zuwa hifokamfus aka ga ƙwayoyi suna daina nuna ChAT da p75 alhali suna nan da rai a tsuke, aka ba su NGF daga baya wasu suka dawo suna rinuwa. Ƙara rinin Nissl ko NeuN a yanka na uku ka ƙirga jikin ƙwayoyin kansu, in nan ma sun ragu sannan ka yi maganar mutuwa, in ba su ragu ba ka rubuta cewa alamar ce ta sauka, ka auna girmansu ka sa a tebur.